Da Sunana Zan Hau

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo cewa tsohuwa mai ciwon ido ba ta da abin yi a tashar jirgi, na ji ku. Ni dai ban taɓa ganin inda zaman ɗaki ya saya wa mutum tikiti ba. Ku matso.

*

Malama ta shiga tashar jirgin ƙasa da sanda a hannu ɗaya, katin shaidarta a ɗaya hannun, ta damƙe shi kamar za a ƙwace. A gida ta ce wa surukarta za ta shagon magani awon jini. Ƙaryar ba ta dame ta ba. Shekarun da ta yi tana shugabantar makaranta sun koya mata cewa wani lokacin sai ka bi ta bayan aji kafin ka ga abin da yara ke yi.

Idonta na hagu ya riga ya tafi. Na dama ne ya rage, shi ma kullum yana ƙara rufewa daga gefe, kamar ana jawo labule a hankali. Likitan babban asibitin da ke can ƙarshen layin dogo ya sa mata ranar aiki a mako mai zuwa, kuma bai ɓoye mata komai ba: in ta saɓa ranar, za ta koma ƙarshen layi, idon kuma ba zai tsaya jiranta ba. Hanyar mota ta mutu tun da ambaliya ta ci gada, zagayen da direbobi ke yi kuwa bayanta ba zai ɗauka ba. Jirgi ne kawai.

Shi kuma jirgin, an daina sayar da tikitinsa a hannu. Sai ta waya, da lambar katin shaida, kuma sai an saya tun kafin ranar tafiya. Ana buɗe kasuwar da safe, a sake buɗewa da la'asar. Kullum Amarya, matar autanta, takan zauna kusa da ita da waya tana dannawa, Malama na riƙe da numfashi, sai ta ji yarinyar ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Ya ƙare, Mama."

Kullum ya ƙare. Jirgi mai tarago kamar unguwa, amma kujerunsa na ƙarewa kafin mutum ya haɗiye yawu.

Taga ɗaya ce aka bari a buɗe don masu ƙorafi. Mutumin da ke bayanta kowa ya san shi da Sai-Gobe, don ba a taɓa jin ya sallami wani da wata kalma ba wannan ba. Malama ba ta ganin fuskarsa sosai, sai inuwar kai da farar riga, amma muryar ta shiga kunnenta ta zauna: siririya, mai jan hanci, irin ta wanda ya gaji da mutane tun kafin ya karya.

Ta miƙa katin ta ƙarƙashin gilashi, ta yi masa bayanin ido da likita da rana. Ya danna wani abu a kwamfuta. Ya yi shiru, shirun da ya ɗan fi na sauran mutane tsawo. Sannan ya turo mata katin da yatsa ɗaya.

"Ya ƙare, Iya. Ki gwada gobe."

Ta tambaye shi yaya aka yi kujeru suka ƙare amma ga mutane can bakin ƙofa suna raɗa wa matafiya cewa akwai, in za su ninka kuɗi. Ya ce shi taga aka ba shi, ba ƙofa ba. Ta ce to a haɗa ta da wanda aka ba ƙofar. Ya ce shugaban tasha ba ya ganin mutum haka kawai, ta yi haƙuri.

"Haƙurin nan da kuke rabawa," in ji Malama, "shi kaɗai ne ba ya ƙarewa a tagar nan."

Na bayanta suka yi dariya. Sai-Gobe ya ce na gaba.

Ta ja sandarta zuwa benci ta zauna, ƙafafunta sun kumbura. Wani dattijo da ke gefe ya fara yi mata wa'azin cewa komai da lokacinsa, in rabonta ne za ta tafi. Ta dube shi da idon da ya rage ta ce ita ma ta yarda da rabo, amma ta lura rabon nan yana yawan sauka a aljihun masu tsayuwa bakin ƙofa. Dattijon ya tuna yana da wata sabga a wani bencin.

A ɗaya gefenta wata mata ce mai goyo, ta duƙufa kan waya tana dannawa kamar mai tsince tsakuwa. Can sai wayar ta yi wata 'yar ƙara.

Tilin. Tilin. Tiiin.

Sauti uku, kowanne ya ɗara na baya tsayi.

Matar ta dafe ƙirji tana godiya ga Allah, har yaron bayanta ya farka.

Malama ta juya gaba ɗaya. "'Yar nan, wannan ƙarar ta mece ce?"

Matar ta ce ai ƙarar samun kujera ce. Manhajar jirgin ce ke yin ta, kuma ba ta yi sai tikiti ya tabbata. Ta ce ta daɗe tana marmarin jin ta, yau dai wani ya fasa tafiya ta dace.

"Ba ta yi sai tikiti ya tabbata," Malama ta maimaita.

"Wallahi, Mama. Waƙar da ta fi kowace daɗi a garin nan ke nan."

Malama ta yi mata barka.

Ta san ƙarar nan. Tun da ido ya fara janyewa kunnenta ya karɓi aikinsa, har takan gane wanda ya shigo gida daga yadda ya ajiye takalmi. Ƙarar nan tana jin ta kullum, safe da la'asar, ba ɗaya ba, ba biyu ba, a jere kamar awaki masu ƙararrawa suna wucewa. Daga ɗakin da ke ƙarshen barandar gidanta take fitowa. Ɗakin da ɗanta Auta ya ce shagon gyaran waya ne. Ta taɓa tambayarsa, ya ce lasifika yake gwadawa.

*

Da ta koma gida ba ta tayar da maganar ba. Amarya ta tambayi awon jini, ta ce jinin yana nan inda ta bar shi. Ta ci abincin rana, ta yi salla, ta sa aka kawo mata bokitin ruwan ɗumi da take jiƙa ƙafa a ciki. Sai dai yau ta ce a kai mata kujera can ƙarshen baranda, wai nan ne iska take.

Amarya ta kalli ƙofar ɗakin da ke can, sannan ta kai.

La'asar na yi, yarinyar ta zo da waya kamar kullum, ta durƙusa gefen kujera. Malama ta ce ta bari, yau ta yafe. Ta kasa kunne, ruwa na motsi a bokiti.

Tilin. Tilin. Tiiin.

Sai wata. Sai wata a kanta.

Malama ta zare ƙafafunta daga ruwa, ko gogewa ba ta yi ba, ta miƙe ta tura ƙofar da kan sanda.

Ɗakin na warin zafin caji. Ba ta ganin komai dalla-dalla, amma haske tana ganinsa: tebur dogo, a kansa wayoyi a jere sahu-sahu, kowace fuskarta a kunne, kamar ɗalibai sun zauna jarrabawa. Auta na tsaye a kansu, hannu biyu na aiki, wannan ya danna nan, wancan ya danna can. Babu sukudireba, babu buɗaɗɗiyar waya ko ɗaya, babu ƙaurin dalma. Mai gyaran da ba ya buɗe cikin abin gyara.

"Mama, ƙasan nan akwai wayoyin wuta, kada ki..."

"Lasifikar tana aiki?"

Ya tsaya.

"Na ce lasifikar da kake gwadawa tun bara, ta gyaru?"

Wata waya ta amsa mata daga tebur. Tilin, tilin, tiiin.

Ya fara magana da sauri. Ya ce ba yadda take zato ba ne, taimakon mutane yake, akwai waɗanda ba su iya waya ba, yana saya musu ne su ba shi na goro. Malama ta bar shi ya yi ta zuba har ya fara maimaita kansa. Ta daɗe da sanin cewa yaro mai ƙarya ba a katse shi, barinsa ake ya gaji.

Tana sauraro tana lalube. Ta kama bakin zanen da ke shimfiɗe a teburin, ta tattaro kusurwoyinsa huɗu, ta ja. Wayoyin suka zubo tsakiya suna karo da juna, igiyoyin caji na fizgewa daga bango. Kafin Auta ya zagayo ta ƙulle zanen ta rungume shi a ƙirji.

"Mama, kasuwa a buɗe take. Don Allah. Ba nawa ba ne."

"Matsa."

Ya matsa. Duk girman gemunsa, har yanzu ba ya iya ƙetare muryar nan.

Ta koma kujerarta a baranda, ta ɗora ƙullin a cinya, ta jawo bokitin da ƙafa ta ajiye shi daidai ƙarƙashinsa. Amarya na tsaye jikin bango, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Tambaya ɗaya zan yi," in ji Malama. "Kujerun jirgi na kwana a gidana. Uwarka na neman guda ɗaya don kada ta makance. Me ya hana ka ba ni?"

Auta ya durƙusa. Ya kalli ƙasa, ya kalli matarsa, ya sake kallon ƙasa.

"Ba da kai kaɗai nake ba. Ke Amarya, me wayar ke rubutawa in kin danna mini?"

Yarinyar ta fara kuka marar sauti.

"Kuka ba karatu ba ne. Na ce me take rubutawa?"

"Tana cewa... an toshe wannan katin."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Mama."

Malama ta gyaɗa kai a hankali. Ita da ta koya wa rabin unguwar nan haɗa baƙi, yau an zauna gefenta ana karanta mata abin da ba shi ne a rubuce ba, tana amsawa da Allah ya sa gobe a dace. Wannan ya fi toshewar katin yi mata ciwo.

Sauran bayanin daga bakin Auta ya fito, guntu-guntu, kamar ana zare ƙaya. Kowane tikiti sai da lambar kati, kati ɗaya kuma kujera ɗaya. Mai son kujeru da yawa sai ya tara katuna da yawa. Lokacin da aka ce tsofaffin malamai su kai katunansu a tantance su don fansho, ita Malama ce da kanta ta bi ƙawayenta gida-gida ta karɓo, ta ba Auta ya kai ofis don ta hutar da su layi. Ya kai ɗin. Amma sai da ya ɗauki hoton kowanne. Katin tsohuwa ya fi daraja a harkar, don tsofaffi ba sa tafiya, ba wanda zai je saye ya tarar an riga shi da sunansa. Mai duba tikiti a ƙofa kuwa an san yadda ake gaisawa da shi.

Nata katin shi ya fi amfani da shi, don yana kusa. Har ranar da ya yi kuskure ya sa ta a jirgin tafiya da jirgin dawowa a lokaci guda. Kwamfutar hukumar jirgin ta ga tsohuwa ɗaya tana wuce kanta a kan hanya, ta toshe lambar.

"Ashe na sha yawo," in ji Malama. "Ko tsaraba ban kawo muku ba."

Ba wanda ya yi dariya.

Auta ya matso da gwiwa. Ya ce yana ta neman yadda za a buɗe, abin ne ya ƙi. Ya ce amma akwai mafita, tun tuni yake son faɗa mata, tsoro ya hana shi. Akwai kujera a ranar da take so, gefen taga, kusa da ƙofa don kada ta wahala. An riga an saya. Abin da za ta yi kawai, in an tambaye ta a ƙofa, ta amsa wani suna.

"Sunan wa?"

Ya kau da kai.

"Sunan wa, Auta?"

"Goggon Lissafi."

Iska ta kaɗa igiyar shanya. Goggon Lissafi aminiyarta ce tun suna 'yan mata a kwalejin horon malamai, tare suka fara aiki, tare suka ajiye. Bara ta rasu. Malama ce ta rufe mata ido da hannunta.

"Tana tafiya har yanzu ke nan."

"Katin mamaci ba ya kawo ƙorafi, Mama. Haka ake yi. Kowa haka yake yi."

"Matar da ko allin makaranta ba ta taɓa kaiwa gida ba, ka sa ta sata daga kabari."

"Ido ne fa, Mama. Ki je a yi aikin, in kin dawo ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. Suna ne kawai. Minti ɗaya a ƙofa."

Maganarsa na da ma'ana, kuma abin da ya ba ta haushi ke nan. Ta ji zuciyarta ta ɗan karkata. Kujera gefen taga. Likita. Labulen nan ya tsaya inda yake. Wa zai sani? Ta rufe idon dama, duhu ya cika ko'ina, ta ga yadda sauran kwanakinta za su kasance. Ta buɗe.

"Da sunana aka haife ni, da shi na yi aiki, da shi likita ya rubuta ni. Da shi zan hau jirgi."

Wayar aljihun Auta ta yi ta ruri tun ɗazu. Ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce maigidan harkar ne, mai wayoyin. Kujerun la'asar ba su shiga ba, ga masu saye can sun riga sun biya, yana hanya. Ya roƙe ta ta ba shi ƙullin kafin mutumin ya iso, don ba irin wanda ake wasa da shi ba ne.

Malama ta ce a ƙara mata ruwan zafi, na bokitin ya huce.

Amarya ta kalli mijinta. Sannan ta je ta ɗauko buta ta ƙara.

*

Ba a daɗe ba babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka buga ƙofa ba sallama. Takalmi mai ƙarfi ya taho ta tsakar gida, sai murya, tun daga nesa:

"Kai, wane irin sakarci ne wannan? Kasuwa a buɗe ka kashe mini wayoyi?"

Siririya. Mai jan hanci.

Malama ta yi murmushi, na farko a ranar.

"Maraba da mai taga," ta ce. "Ashe an ba ka ƙofar ma."

Sai-Gobe ya ja birki a bakin baranda. Ya kalli tsohuwar, ya kalli ƙullin da ke cinyarta, ya kalli bokitin da ke tururi a ƙarƙashi. Mutum ne mai saurin lissafi. Nan take ya sauke murya, ya cire hula, ya gaishe ta da Malama, ba Iya ba. Ya tambayi jiki. Ya ce wallahi da safe bai gane ita ce mahaifiyar abokin aikinsa ba.

Ta ce ya gane. Shirun da ya yi a kan kwamfuta ta ji shi.

Ya ce to, a bar tone-tone. Wayoyin nan amana ce, akwai na sama da shi a ciki. Ta ba shi, shi kuma ya yi alkawarin ranar tafiya da kansa zai raka ta har kujera, ba mai tambayarta ko da suna.

"Ka buɗe katina."

Ya ce ba ya iyawa. Ta ɗaga ƙullin ta saki kusurwa ɗaya. Waya guda ta zame ta faɗa ruwa, ta yi 'yar ƙara ta nutse, haskenta ya yi rawa a ƙasan bokiti ya mutu.

Auta ya dafe kai. Sai-Gobe ya yi taku ɗaya.

"Ƙara taku ɗaya," in ji Malama, "in saki sauran. Hannun tsohuwa ba shi da tabbas."

Ya koma baya. Da ya sake magana, ladabin ya fita daga muryar, saura tagar kawai.

Ya ce gaskiya yake faɗa mata, ba shi ke buɗe kati ba. Shugaban tasha ne kaɗai, kuma sai mai katin ya je da ƙafarsa, ya zauna gaban jami'in tsaro, ya faɗi wanda ya yi amfani da lambarsa. In ta faɗa, a ranar za a buɗe mata, har kujerar marasa lafiya da ake ajiyewa za a ba ta. Amma ta sani, duk tikitin da aka saya da katinta daga gidan nan aka saye shi, da layin wayar ɗanta, da asusun ɗanta. Shi sunansa ba ya ko'ina.

"Kina buɗe baki, Malama, autanki ne zai fara shiga motar 'yan sanda. Ki zaɓa. Ni na san uwa. Ba uwar da za ta kai ɗanta da hannunta."

Ya faɗe ta da natsuwar wanda ya sha faɗa. Da alama da wannan maganar ya daɗe yana kwana lafiya: yana ɗaukar 'ya'yan mutane aiki, ya bar iyayensu mata su yi masa gadi kyauta.

Malama ta juya inda take jin numfashin Auta. Ta tuna shi yana ƙarami, ranar da ya fasa gilashin ajin wani malami, ta sa aka ce iska ce. Ta tuna jarrabawar da ya faɗi ta je ta yi magana. Ta tuna shagon farko da ya rushe, ta ce wa yayyensa kasuwa ce ba ta yi ba. 'Ya'yan mutane ta hore su tsaf, nata kuwa ta yi ta share masa hanya, ana yaba mata ana cewa uwa ke nan. Ga inda sharar ta kawo su: ya sayar da sunanta, ya zauna yana kallon idonta na rufewa.

"Ka san uwa," ta ce. "Wacce? Taka?"

Sai-Gobe ya mai da hularsa kai.

"An daɗe ana gaya mana cewa uwa ita ce mai rufawa. Na rufa har na gaji. Abin da na rufa bai mutu ba, girma ya yi a ƙarƙashin zane." Ta gyara ƙullin a cinya. "Kuma ka yi kuskuren lissafi. Ka ce sunanka ba ya ko'ina. Waɗannan fa? Saƙonninka na ciki, ko su ma iska ce ta turo?"

A karon farko ta ji numfashinsa ya sauya.

"Mama," in ji Auta, "ɗaure ni za su yi."

"Wataƙila. In ka je da ƙafarka ka faɗa da bakinka, wataƙila su sassauta. In sun ɗaure ka, zan zo duba ka. Da idona zan zo, in gan ka." Ta dafa sanda ta miƙe, ƙullin a hammata, ƙafafunta na ɗigar ruwa a siminti. "Ba a tashi daga ofis ba tukuna. Sa takalminka. Kai za ka riƙe mini hannu."

Sai-Gobe ya matsa ya tsaya a tsakiyar hanyar fita.

Malama ta miƙa hannunta na dama cikin iska, tafin a buɗe.

Ba wanda ya motsa. Tana jin tsiyayar famfo a tsakar gida, tana jin Auta na jan hanci a inda ya durƙusa, bai tashi ba. Hannun ya fara yi mata nauyi. Ba ta sauke ba.

Sai wani hannu ya kama nata.

Ba na Auta ba ne. Ƙarami ne, da sanyin ruwa, da zobe a yatsa.

"Mu je, Mama," in ji Amarya. Kukan ya bar muryarta. "Hotunan katunan duka suna wayata, na rayayyu da na matattu. Ni ya sa na adana masa."

Ta ɗaga kai ta dubi mutumin da ya tare hanya.

"Malam, ba mu wuri. Akwai tsohuwa a gaba."